Laburaren sarrafa saitin na'urorin sadarwa

Laburaren sarrafa saitin na'urorin sadarwa tarin umarnin kwamfuta ne da wasu suka riga suka rubuta suka gwada, wanda ma'aikacin netwok ke kira a cikin ɗan shirin da ya rubuta domin ya shiga rauta (na'urar da ke zaɓa wa saƙo hanya) ko suwic (wadda ke haɗa kwamfutocin wuri ɗaya) ko katangar tsaro, ya karanta saitinsu, ya canza abin da yake son canzawa, ya adana, ba tare da ya bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya yana buga umarni da hannu ba. Galibin waɗanda suka shahara da harshen Python aka rubuta su, kuma kyauta ake samunsu. Daga cikinsu akwai Paramiko da Netmiko da NAPALM da ncclient da Nornir. Ansible kan shiga wannan lissafi, amma shi cikakkiyar manhaja ce mai cin gashin kanta, ba laburare ba.

Aikin hannu da matsalarsa

Saitin na'urar sadarwa rubutu ne layi-layi: sunan na'urar, adireshin kowace kafa (ramin da ake jona waya), hanyar da saƙo zai bi, wanda aka yarje wa shiga da wanda aka hana. A al'ada, ma'aikaci yakan jona kwamfutarsa da na'urar ta wayar konsol, wadda a kayan Cisco shuɗiya ce mai faɗi da duk wanda ya taɓa aikin ya sani, ko ya shiga daga nesa ta Telnet ko SSH, wato ƙa'idojin shiga na'ura ta kan netwok. A kayan Cisco, alamar da ke ƙarshen sunan na'urar a kan allo ce ke gaya masa inda yake. Idan ya ga > to kallo kawai zai iya yi, idan ta koma # ya sami iko, idan kuma (config) ta bayyana to duk abin da ya buga zai fara aiki nan take.

Ga na'ura ɗaya ko biyu wannan ba komai ba ne. Wahalar tana farawa ne idan sun yi yawa. A ɗauka wata hukuma tana da hedikwata a cikin garin Bauchi da rassa a Azare da Misau da Ningi da Toro, na'urorinta 40, kuma ana so a canza adireshin sabar da suke karɓar lokaci daga gare ta. Layi biyu ne kacal, amma sau 40. Kafin a kai ta 30 ido ya gaji, an juya lamba a ɗaya, an tsallake wata don a ranar ba wuta a can, an manta adanawa a ta uku. Bayan shekara biyu babu na'urori biyu da saitinsu ya zo ɗaya, kuma babu wanda ya san yadda aka yi suka bambanta sai wanda ya yi aikin, shi ma in yana nan.

Asali

Tun 1988 akwai ƙa'idar SNMP, wadda aka yi domin kula da na'urori daga nesa. Ta karɓu wajen sa ido, wato auna yawan saƙon da ke wucewa da sanin kafar da ta mutu, amma ma'aikata ba su rungume ta wajen canza saiti ba. Abin da suka riƙa yi shi ne rubuta ƙananan shirye-shirye da harshen Expect ko Perl waɗanda ke kwaikwayon mutum a gaban allo. A 2002 hukumar IAB mai kula da tsarin intanet ta tara masu gudanar da netwok da masu tsara ƙa'idoji, aka ji koken kowa, aka fitar da rahoton taron a 2003 a matsayin RFC 3535, wato takarda mai wannan lamba a jerin takardun ƙa'idojin intanet. Daga cikin buƙatun ma'aikata har da a raba saiti da bayanan halin da na'ura ke ciki, kuma a iya yi wa netwok gaba ɗaya canji a matsayin aiki guda. Daga wannan tattaunawa ƙa'idar NETCONF, wadda bayaninta zai zo a gaba, ta samo tushe.

A ɗaya ɓangaren kuma, SSH da Tatu Ylönen ya ƙirƙiro a ƙasar Finlan a 1995 ta ture Telnet, domin Telnet a fili take aika kalmar sirri. Robey Pointer ya rubuta Paramiko, wanda ya ba shirin Python damar magana da SSH, kuma a kansa ne aka gina da yawa daga abin da ya biyo baya.

Netmiko

Paramiko ya san buɗe ƙofa ne kawai, bai san halin rauta ba. Wanda ya yi amfani da shi kai tsaye sai ya koya wa shirinsa tsawon jiran da zai yi bayan kowane umarni, da yadda zai gane cewa na'ura ta gama magana, da abin da zai yi idan amsa ta cika allo ta tsaya tana jiran a danna maɓalli kafin ta ci gaba. Kirk Byers ya fara Netmiko a ƙarshen 2014 domin ɗauke wa mutane wannan ɗawainiya.

Yadda ake aiki da shi ba wuya. Ana ba ConnectHandler nau'in na'urar, misali cisco_ios ko juniper_junos ko huawei ko mikrotik_routeros, da adireshinta da sunan shiga da kalmar sirri. Shi zai shiga, ya gano alamar da na'urar ke nunawa idan tana sauraro, ya kashe tsayawar nan ta cikar allo. Da send_command ake tambaya, da send_config_set ake tura jerin layukan saiti, kuma shi ke shiga yanayin canji ya fita da kansa. A ƙarshe save_config ya adana. Shirin da zai gyara na'urori 40 ɗin can ba zai wuce layi 20 ba.

Sai dai Netmiko rubutu yake karantawa irin wanda aka tsara domin idon mutum. Amsar da ke dawowa doguwar magana ce, ba jadawali ba, sai an tace ta. Don haka ake haɗa shi da TextFSM, wanda ya fito daga Google, da tarin samfuran ntc-templates na kamfanin Network to Code, su mayar da amsar zuwa jeri mai suna da ƙima. Idan kamfanin da ya ƙera na'ura ya sauya fasalin amsa a sabon zubin manhajarsa, samfurin na iya daina aiki. Wannan rauni ne na gaske. Duk da haka Netmiko ne aka fi farawa da shi, don yana aiki da tsofaffin kaya da ba su san komai ba sai SSH, kuma irinsu ne suka cika kasuwar kayan gwanjo.

NAPALM

A 2015 David Barroso, yana aiki a Spotify a lokacin, ya fito da NAPALM tare da Elisa Jasinska. Manufarsa ita ce tambaya ɗaya ta yi aiki a kan kayan kamfanoni daban-daban, amsa kuma ta dawo da fasali ɗaya. Idan aka kira get_facts ko get_interfaces, ba ruwan mai shiri da ko na'urar ta Arista ce ko ta Juniper ko ta Cisco. Asalin manhajojin na'ura da yake goyon baya su ne EOS na Arista da Junos na Juniper da IOS da IOS-XR da NX-OS na Cisco, sauran kuwa masu sa-kai ne ke rubuta musu nasu ɓangaren, ingancinsu kuma ya bambanta.

Abin da ya fi daraja a NAPALM shi ne matakan da ya shimfiɗa kafin canji. Ana loda sabon saiti a ajiye a gefe, ko dai a matsayin ƙari a kan wanda ke aiki ko a matsayin wanda zai maye gurbinsa ɗungurungum. Sannan compare_config ya nuna bambancin, layin da zai shiga da alamar tarawa, wanda zai fita da alamar ɗebewa. Har yanzu ba a taɓa komai ba. Idan abin da aka gani bai yi ba, discard_config ya zubar da shi. Idan ya yi, commit_config ya zartar, rollback kuma yana nan don komawa baya. Ma'aikacin da ya saba duba wannan bambanci kafin ya zartar, da wuya ya yarda ya koma tura umarni a makance.

NETCONF da YANG

Hukumar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar da NETCONF a Disamban 2006 a RFC 4741, ta sabunta ta a 2011 a RFC 6241. Tana bi ta kan SSH a kafa ta 830 (a nan lambar mashiga ce a manhaja, ba ramin waya ba), kuma da XML, tsarin rubutu da shiri ke iya karantawa, ake musayar saƙo, saboda haka babu sauran karanta allo. YANG, wanda ya fito a 2010 a RFC 6020, shi ne harshen da ke fayyace siffar bayanan: wane fili ne lamba, wanne ne adireshi, wanne ne dole. Na'ura na iya ƙin karɓar saitin da ya saɓa wa siffar tun kafin ya yi ɓarna. A 2017 RESTCONF ta zo a RFC 8040 da irin wannan aiki ta kan HTTP. A Python, ncclient ne laburaren NETCONF, kuma PyEZ na Juniper a kansa ya dogara. Wannan hanya ta fi tsafta nesa ba kusa ba, amma sai na'urar da ke goyon bayanta, kuma kowane kamfani yana da nasa samfuran YANG ban da na gama-gari.

Nornir kuwa, wanda shi ma Barroso ne ya fara shi, ba ya magana da na'ura da kansa. Yana riƙe jerin na'urori da rukunoninsu, ya raba musu aiki a lokaci guda, ya bar wa Netmiko ko NAPALM shiga ciki. Akan haɗa shi da Jinja2, inda ake rubuta samfurin saiti guda ɗaya a bar gurbin suna da adireshi, a cike wa kowace na'ura nata. Fayilolin kuma a ajiye su a Git, manhajar da ke riƙe tarihin canje-canjen fayil, ta yadda za a san wanda ya canza wane layi, a wace rana, da dalilinsa.

Hanyar dawowa

Babban haɗarin canza saiti daga nesa shi ne mutum ya sare reshen da yake zaune a kai. Layi ɗaya a jerin waɗanda aka hana shiga, ko kuskure a adireshin kafar da ake shigowa ta cikinta, ya isa ya yanke hulɗa da na'urar. Idan rautar tana ɗakin da ke kusa, a ɗauki wayar konsol a je. Idan tana Azare mai aikin yana Bauchi, ya zama tafiyar sa'o'i da kuɗin mota, reshe kuma yana zaune ba netwok.

Kowane tsari da dabararsa. A Junos akwai commit confirmed: canji zai fara aiki, amma in ba a dawo an tabbatar da shi cikin minti 10 ba, na'urar za ta koma saitin baya da kanta. NETCONF tana da irin wannan, wa'adinta na asali daƙiƙa 600. A IOS tsohuwar dabara ita ce a sa reload in 10 kafin a fara, kuma kada a adana. Idan hanya ta yanke, na'urar za ta sake tashi da saitin da ke ajiye. MikroTik, wanda ake ƙerawa a Latbiya kuma ƙananan masu raba intanet suka fi so saboda arha, halinsa daban ne: duk abin da aka canza a RouterOS, manhajar da ke cikinsa, ya zauna nan take, babu matakin adanawa. Abin da ke ceto a nan shi ne Safe Mode, wanda ke warware canje-canjen idan hulɗa ta yanke ba zato. Laburare ba ya sa ko ɗaya daga cikin waɗannan sai an umarce shi, kuma shirin da ba a tanadar masa hanyar dawowa ba bai kamata a sake shi a kan na'urar da ke aiki ba.

Akwai kuma batun wuta. A kayan Cisco saitin da ke aiki yana cikin ƙwaƙwalwar da ke gogewa idan wuta ta ɗauke, wanda aka adana ne kawai ke tsira. A wurin da ake yawan sauyawa tsakanin wutar kamfanin lantarki na JED da janareta da inbata, mantuwar adanawa takan fito fili da wuri: an gyara matsala ranar Litinin, an ɗauke wuta ranar Laraba, matsalar ta dawo kamar ba a taɓa ta ba. Shi ya sa aiki na farko da ya kamata a ɗora wa laburare a irin wannan wuri ba canji ba ne. A sa shi ya zagaya kowane dare ya kwafo saitin kowace na'ura, ya kuma nuna inda saitin da ke aiki ya saɓa da wanda ke ajiye. Manhajojin RANCID da Oxidized dama don kwafo saiti aka yi su. Ranar da tsawar damina ta ƙone suwic, wannan kwafin ne zai sa sabon ya tashi cikin mintuna.

Girman kuskure

Kuskuren saiti ba ya tsayawa a inda aka yi shi. A ranar 12 ga Nuwamban 2018, kamfanin MainOne na Legas ya yi kuskure a saitin BGP, ƙa'idar da kamfanonin intanet ke sanar da juna hanyoyin saƙo da ita, yayin wani aikin haɓaka netwok ɗinsa, sai saƙonnin da ke nufin Google suka karkata ta China Telecom na kusan minti 74. A ranar 4 ga Oktoban 2021, wani umarni da aka bayar yayin gyaran yau da kullum ya katse babbar hanyar da ke haɗa cibiyoyin Facebook, manhajar da aka sa ta tantance irin wannan umarni kuma ta gaza tsayar da shi saboda wata tangarɗa a cikinta. Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɓace kusan sa'o'i 6, har sai da injiniyoyi suka je cibiyoyin da ƙafarsu. Shiri yana maimaita kuskure da saurin da yake maimaita daidai, don haka ake fara canji da na'ura ɗaya, a duba, a ƙara kaɗan, kafin a sake wa sauran. Kalmar sirri kuma ba a rubuta ta cikin shiri, balle a tura ta Git, domin fayil ɗaya ne zai zama mabuɗin netwok ɗin gaba ɗaya.

Koyo

Tun Fabrairun 2020 jarrabawar CCNA, ta shaidar ƙwarewa a netwok da Cisco ke shiryawa, ta ware kashi 10 cikin 100 ga sarrafa netwok ta shiri, Cisco kuma ta buɗe layin takardun shaida na DevNet a lokacin. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji ba ya buƙatar sayen rauta kafin ya fara. GNS3 da EVE-NG suna tayar da na'urorin kwaikwayo a cikin laftof, muddin tana da isasshiyar ƙwaƙwalwa. MikroTik ma yana ba da CHR, wato RouterOS da ke aiki cikin kwamfuta, kyauta da iyakar megabit 1 a daƙiƙa ga kowace kafa, wanda ya wadatar a gwada Netmiko ko laburaren librouteros da ke shiga ta kafa ta 8728.