Makarɓan Saitokin

Makarɓan saitokin furotin ne da ke jikin fatar ƙwayoyin halitta, aikinsu karɓar saitokin, wato saƙon da ƙwayoyin garkuwar jiki ke aika wa juna. Shi saitokin ba ya shiga ciki. A zaure yake tsayawa, makarɓi ne ke kai saƙon cikin gida. Da isar wasu daga cikin irin waɗannan saƙonni sai jijiyoyin jini su buɗe, wurin ya yi zafi ya kumbura, zazzaɓi ya taso. Idan saƙon ya ƙi yankewa, jiki kan koma yaƙar kansa, kamar yadda ake gani a amosanin gaɓɓai.

Tarihi

A 1957 Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano wani saitokin mai suna intaferon a Landan. An bayyana wani saitokin, TNF, a 1975, sannan a 1986 ayarin Tadamitsu Kishimoto a Osaka ya fito da tsarin IL-6, shi ma saitokin ne. Wajen farkon shekarun 1990 aka gane hanyar JAK-STAT, wadda da yawan makarɓan ke bi wajen isar da saƙo cikin ƙwayar halitta: JAK da STAT furotin ne, JAK iri 4, STAT iri 7. A 1993 aka tabbatar cewa lalacewar sashe ɗaya da makarɓa da dama ke tarayya a kansa ita ke sa a haifi wasu yara maza kusan ba garkuwa.

Zazzaɓin cizon sauro

Wannan ɓangaren ya fi shafar mu. Akwai makarɓi mai suna Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jini, ta nan vivax, ɗaya daga cikin ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro, ke kutsawa. Akasarin mutanen Afirka ta Yamma ba su da shi a jajayen ƙwayoyinsu, shi ya sa vivax ba ta yawaita a yankin ba, ko da yake an samu rahoton kamuwar wasu marasa Duffy. Ita kuwa falsifarum, wata ƙwayar zazzaɓin wadda ke kwantar da yara a Katsina da Daura duk damina, ba ta buƙatarsa. A Gambiya an ga TNF ya yi yawa a jinin yaran da zazzaɓin ya taɓa ƙwaƙwalwarsu, amma da aka gwada toshe shi, mace-macen ba su ragu ba.

Magunguna

Tocilizumab na toshe makarɓin IL-6. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba masu korona mai tsanani. Magungunan da ke danne TNF suna iya tayar da tarin fukan da ya kwanta a jiki, don haka ake gwada majinyaci kafin a fara ba shi.