Masu gyaran firji, ku daina sakin gas a iska

A zagayen duba tsabtar muhalli da muke yi a kasuwanni, kullum sai na tarar da mai gyaran firji ko na'urar sanyaya ɗaki ya kwance bututu ya bar gas yana huci har ya ƙare, sannan ya ɗura sabo. 'Yan gwangwan ma haka suke datse bututun tsohon firji domin su ciri jan ƙarfe. Idan na yi magana sai a ce da ni ai iska ce, ta tafi.

'Yan'uwa, ba ta tafi ko'ina ba. Gas ɗin R-12 na tsofaffin firji da R-22 na na'urorin sanyaya ɗaki suna ɗauke da sinadarin kulorin, kuma a hankali suke hawa har su kai sararin da ozon yake, wato tsakanin kilomita 15 zuwa 35 daga ƙasa. Ozon wata iska ce da ke tace zafin hasken rana mai lahani kafin ya iso gare mu, kulorin kuwa cinye ta yake yi. R-12 yakan kai kimanin shekara 100 bai lalace ba, saboda haka abin da ka saki yau jikokinka ma za su tarar da shi.

Mafi yawan kulorin ɗin a ɗaure yake da wasu sinadarai, har sai wani abu ya kwance shi. A watan Yunin 1991 dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi aman wuta, ya watsa hayaƙin farar wuta kimanin tan miliyan 15 zuwa 20 a can sama, hayaƙin ya rikiɗe ya zama ƙananan ɗigo da suka kewaye duniya. A jikin ɗigon nan ne sinadaran da ke ɗaure kulorin suka ragu, shi kuwa ya sami sake ya yi ta cin ozon, har a 1992 da 1993 aka auna raguwar da ba a taɓa gani ba kafin lokacin. Babu mai iya hana dutse aman wuta, amma mafi yawan kulorin ɗin da ya tarar a can mutane ne suka tura shi. Idan ozon ya ragu, yanar ido da sankarar fata suke ƙaruwa, kuma 'yan'uwanmu zabiya da manoman da ke yini a rana su ne kan gaba wajen shan wuya.

Na san neman halak kuke yi, kuma na san injin zuƙe gas yana da tsada. Duk da haka ba zan karɓi wannan uzuri ba, domin ƙungiya guda tana iya haɗa kuɗi ta sayi ɗaya. Nijeriya tana cikin Yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don kare ozon, kuma R-22 ma kan hanyar daina amfani da shi ake. Ku zuƙe gas ku adana a tukunya, ku toshe yoyo kafin ɗuri, kada ku wanke bututu da gas, kada a datse firji sai an kwashe na ciki. Masu gida kuma, ku tambayi mai gyara inda zai kai tsohon gas kafin ya taɓa na'urarku.