Farfaɗo da tsofaffin ƙananan jiragen ƙasa na Hornby Dublo

Hornby Dublo suna ne na ƙananan jiragen ƙasa na wasa, galibinsu masu aiki da lantarki, waɗanda kamfanin Meccano ya riƙa ƙerawa a masana'antarsa ta Binns Road da ke birnin Libaful a Ingila. Gyaran kawunan waɗannan jirage, wato tayar da su bayan sun shafe shekaru a ajiye, ya zama abin sha'awa ga manya da dama a Birtaniya, galibinsu waɗanda aka saya wa jiragen tun suna yara.

Tarihi

Frank Hornby, wanda ya kafa kamfanin, ya fara fitar da jiragen wasa waɗanda ake murɗa wa makulli kamar agogo a 1920, sannan masu lantarki suka biyo baya wajen 1925. Ya rasu a 1936, bai ga fitowar Dublo ba, domin sai a 1938 aka kai shi kasuwa. An ƙera shi bisa ma'aunin OO, inda kowane abu ya ƙanƙance kusan sau 76, faɗin layin dogon kuma milimita 16.5, don haka ana iya shimfiɗa shi a kan teburi. Masu lantarki na farko-farko dogo uku gare su, na tsakiya shi ke ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 12. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da aikin, ba a koma ba sai a ƙarshen shekarun 1940. Kamfanin ya yi jinkirin komawa tsarin dogo biyu har 1959, lokacin da abokin hamayyarsa Tri-ang ya riga ya cinye kasuwa da jiragen roba masu araha. A 1964 kamfanin Lines Brothers, mai Tri-ang, ya saye Meccano, daga baya kuma wasu injunan ƙirar Dublo suka koma hannun kamfanin G. & R. Wrenn, wanda ya ci gaba da fitar da jiragen da sunansa.

Matsalolin da ake samu

Kan jirgin da ya daɗe a ajiye yakan ƙi motsi ne saboda giris ɗin da ke tsakanin haƙoran giya ya daskare, ko datti ya toshe hanyar wuta a ƙafafu. Mai gyara yakan kwance gangar jikin, ya wanke tsohon giris, ya goge ɓangaren jan ƙarfen da burushin gawayi ke gogawa, ya yi amfani da tsinke wajen fitar da baƙin da ya cika ramukansa, sannan ya ɗiga mai kaɗan ƙwarai, domin yawan mai shi ma yana kashe inji. Maganaɗisun injin kan yi rauni da tsufa, musamman idan an taɓa cire shi ba tare da kariya ba. Alamarsa ita ce jirgi ya yi zafi amma ya kasa ja. Ana sake ƙarfafa shi da na'ura ta musamman, wasu kuma sukan canja shi da sabo.

Mafi muni ita ce cutar tutiya. Idan darma ta gauraya da ƙarfen da aka zuba, da tafiyar shekaru yakan kumbura, ya tsattsage, ya rududduge. An fi ganin ta a jiragen da aka ƙera kafin yaƙi, kuma ba ta da magani face canja abin da ya lalace.

Batun fenti

Masu tara jiragen sun rabu kan sake fenti: wasu na ganin yana zubar da darajar jirgi, wasu kuma ba su damu ba muddin yana tafiya.

Ƙungiyoyi

Ƙungiyar masu tara jiragen Hornby, wadda aka kafa a Birtaniya a 1969, tana taimaka wa 'ya'yanta wajen samun kayan gyara.