Waiwaye: Wa ke yanke wa kaya tsawon rai tun kafin a ƙera su?

A kasuwar waya ta Farm Center da ke Kano, idan za a canja wa wayar zamani batiri, sai mai gyara ya fara gasa ta a kan injin zafi har gam ɗin ya saki, sannan ya bi gefenta da siririn ƙarfe yana ɓamɓara a hankali, gudun kada gilashi ya tsage. A zamanin ƙaramar Nokia kuwa da farce ake buɗe murfi a zare batirin. Masu zana wayar ne suka zaɓi gam suka bar ƙusa, kuma gardama kan irin wannan zaɓi ta yi shekara ɗari ana yin ta.

A watan Disambar 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki, ciki har da Osram na Jamus da Philips na Holan, suka haɗu a Geneva suka ƙulla yarjejeniyar da aka sani da Phoebus. Sun amince kada ƙwan da suke ƙerawa ya wuce awa 1,000 yana ci, alhali a da yakan kai awa 1,500 zuwa 2,000. Har tara suke cin duk masana'antar da ƙwanta ya zarce ƙa'ida. Wato da gangan aka rage wa kaya kwana don ciniki ya ƙaru.

Tunanin bin diddigin kaya daga farko zuwa ƙarshe ya ɓullo ne daga inda ba a zata ba. A 1969 kamfanin Coca-Cola ya sa wata cibiyar bincike a Amurka ta kwatanta kwalba da roba da gwangwani: makamashi nawa kowanne ke ci tun daga haƙo kayan haɗinsa, ruwa nawa, shara nawa yake bari. Ana ɗaukar wannan aiki a matsayin mafarin irin lissafin, wanda hukumar tsara ma'aunin inganci ta duniya, ISO, ta shimfiɗa wa ƙa'ida a 1997.

Mu a nan, ƙarshen kayan muka fara gani. A 1988 aka gano dubban gangunan guba, fiye da tan 3,000, da aka kwaso daga Italiya aka jibge a wani fili a garin Koko, cikin Jihar Delta ta yanzu. Gwamnatin soja ta lokacin ta tilasta aka mayar da su, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta FEPA a shekarar. Abin kunyar Koko na cikin dalilan da suka gaggauta yarjejeniyar Basel ta 1989, wadda ta taƙaita safarar shara mai guba tsakanin ƙasashe. Sai dai sharar ta canja riga. Ta koma shigowa da sunan kayan gwanjo, tsofaffin kwamfutoci da talabijin, masu rai haɗe da matattu. A Agbogbloshie da ke Accra, matasa, galibinsu 'yan ci-rani daga arewacin Ghana, sun shafe shekaru suna ƙona wayoyin lantarki don fitar da jan ƙarfe suna shaƙar baƙin hayaƙi, kafin a rushe wurin a 2021.

A 1990 wani masani ɗan Sweden, Thomas Lindhqvist, ya kawo shawarar da a ganina ita ce ta taɓo tushen matsalar: wanda ya ƙera kaya shi zai ɗauki nauyinsu bayan sun mutu. Idan kamfani ya san kuɗin kwashewa daga aljihunsa zai fita, tun a wajen zane zai rage guba, ya kuma sauƙaƙa warwarewa. Jamus ta fara aiki da wannan a 1991 kan kwalaye da robobin ƙunshe kaya, Tarayyar Turai ta faɗaɗa shi zuwa kayan lantarki a 2003.

Waya ce ta fi nuna amfanin lissafin bin diddigin kaya. Kusan kashi 80 cikin 100 na hayaƙin ɗumamar yanayi da ake dangantawa da waya yana fita ne wajen haƙo ma'adinai da ƙera ta, tun ba a kunna ta ba. Saboda haka mai gyaran da ya ƙara mata shekara biyu ya yi wa muhalli aikin da rage caji ba zai taɓa yi ba. Faransa ta fara liƙa wa kaya makin sauƙin gyara a 2021. Daga watan Yunin 2025, duk sabuwar wayar da za a sayar a Tarayyar Turai dole a tanadi kayan gyaranta har shekara bakwai bayan an daina sayar da samfurin, kuma batirinta ya jure caji sau 800 bai sauka ƙasa da kashi 80 na ƙarfinsa ba.

Duk da haka, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2022 an zubar da tan miliyan 62 na sharar lantarki, kuma abin da aka tattara aka sarrafa yadda ya kamata bai kai kwata ba. A Najeriya hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, NESREA, tana da tsarin ɗora wa masu ƙera kaya da masu shigo da su nauyi, amma a Kano da Kaduna har yanzu 'yan jari bola ne ke kwashe matattun wayoyi, suna fasa su da guduma, ba safar hannu, ba takunkumi.