Riɗin Maigatari da harajin ƙasashe biyu: yadda ake yanke magana tun kafin rigima

Buhun riɗin da aka ɗora a mota a Maigatari ko Dawanau, sau da yawa kamfanin da ya saye shi ba baƙo yake sayar wa ba. Wani reshensa ne a ƙasar waje, uwar kamfani ɗaya. To nawa za a rubuta a takarda? Nan rigimar haraji take farawa.

A ɗauka, a misali, tan ɗaya yana dala 1,500 a kasuwa, amma kamfanin ya rubuta wa ɗan'uwansa dala 1,000. Ribar dala 500 ta ƙaura ke nan, harajinta bai shiga asusun tarayya ba, wanda daga cikinsa Jigawa da ƙananan hukumominta ke samun kaso. Shi ya sa dokar farashin ciniki tsakanin kamfanoni 'yan gida ɗaya ta 2018 ta ce a yi lissafi da farashin da bare zai biya, kuma a ajiye takardun shaida. Wanda irin wannan cinikin nasa bai kai naira miliyan 300 a shekara ba, an sassauta masa wajen ajiye takardun.

Matsalar ita ce riɗi da zoɓo ba su da farashin duniya guda da ake bugawa kullum kamar koko ko ɗanyen mai. Tsabta, danshi, launi da watan da aka saya duk suna sauya kuɗi. Sai bayan shekaru jami'in haraji ya zo ya ce farashin ya yi ƙasa, ya ƙara haraji da tara, alhali can waje an riga an karɓi haraji a kan ribar nan. Riba ɗaya, haraji biyu. Kamfanin da ke zaune cikin wannan fargaba yakan rage saye ko ya matse farashi, kuma a kan manomi abin yake ƙarewa.

Maganin da ya fi shi ne a yi shiri tun ran gini, ran zane. Daga 1 ga Janairun 2025, hukumar harajin tarayya, wadda a lokacin ake kira FIRS, ta fara karɓar buƙatar yarjejeniyar farashi tun kafin ciniki. Kamfani zai fara zaman share fage da hukuma, ya miƙa takardar nema, a bincika lissafinsa, a yi ciniki kan hanyar fitar da farashi, a sa hannu. Tana aiki har shekara 3, muddin yana kawo rahoto duk shekara kuma bai ɓoye komai ba. Sai dai ƙofar a ƙuntace take: cinikin ya kai dala miliyan 10 a shekara, ko miliyan 50 in an haɗa da yawa, ga kuɗin nema dala 20,000 da ba a mayarwa. Matsakaicin ɗan kasuwa bai isa wurin ba, kuma a ganina wannan gyara yake so.

In rigima ta riga ta faru, akwai zaman sulhu tsakanin hukumomin harajin ƙasashen biyu. Galibi ana kai kuka cikin shekara 3 daga sanarwar farko ta harajin da ake ƙorafi a kai, ma'aunin OECD, ƙungiyar da galibin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, kuma shi ne a gama cikin wata 24. Amma sai in akwai yarjejeniyar hana haraji biyu. Najeriya tana da ita da Sin, Ingila, Faransa da Afirka ta Kudu, ba ta da ita da Japan, wadda ke cikin manyan masu sayen riɗinmu. Kuma wajibin hukumomin shi ne su yi ƙoƙari, ba lallai su daidaita ba.

Ƙasashe masu arziki suna son a miƙa irin wannan shari'a ga masu raba gardama na waje, hukuncinsu ya zama dole. Ƙasashe masu tasowa da yawa sun ja baya, saboda tsada da ƙarancin ƙwararru, da kuma tsoron sakin ikonsu. Najeriya ce ta gabatar da ƙudurin ƙasashen Afirka na neman sabuwar yarjejeniyar haɗin kai kan haraji a Majalisar Ɗinkin Duniya a 2023, ƙasashe 125 suka goyi baya, 48 suka ƙi. Ana tattauna sabuwar yarjejeniyar daga 2025 zuwa 2027, kuma hana rigimar haraji da warware ta na cikin batutuwa biyu da aka sa a gaba.