Ƙuri'ar Masu Karatu: Me Take Nufi, Me Kuma Take Aunawa?

A 'yan shekarun nan, matasan zangonninmu na Kumasi masu sha'awar littattafai sun saba da jin an ce littafi kaza ya shiga sahun fitattun ƙagaggun labarai ɗari bisa ƙuri'ar masu karatu, har wasu kan ɗauki wannan magana tamkar hukuncin alƙali wanda ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Abin da ake nufi da ƙuri'ar masu karatu shi ne a bai wa jama'ar gari, waɗanda ba malaman adabi ba ne kuma ba masu buga littattafai ba, damar faɗin littafin da ya fi kwanta musu a rai, sannan a ƙirga muryoyinsu a jera littattafan daga mai rinjaye zuwa ƙasa. Kishiyarta ita ce zaɓen alƙalai, inda mutane kaɗan da aka yarda da iliminsu kan zauna su yi muhawara su fitar da jeri. Sau da yawa akan haɗa hanyoyin biyu: jama'a su kawo sunaye alƙalai su tace, ko kuwa alƙalai su tsara jeri jama'a su zaɓa daga ciki.

Misalin da ya fi shahara shi ne wanda BBC ta shirya a Birtaniya a shekarar 2003, inda aka fara da littattafai 100, aka rage su zuwa 21, aka kuma kaɗa ƙuri'u kusan 750,000 kafin The Lord of the Rings na Tolkien ya zo na ɗaya, Pride and Prejudice na Jane Austen yana biye da shi. Yana da kyau a tuna cewa a daidai waɗannan shekaru, daga 2001 zuwa 2003, ake nuna finafinan da aka yi daga littafin Tolkien a gidajen sinima na duniya, don haka sunansa yana bakin kowa. A Amurka ma gidan talabijin na PBS ya yi irin wannan a 2018, aka kaɗa ƙuri'u fiye da miliyan 4, To Kill a Mockingbird na Harper Lee ya yi nasara. A wancan zaɓe an yarda mutum ya riƙa komawa yana sake kaɗawa kullum, ma'ana yawan ƙuri'u bai zama yawan mutane ba.

Abin da ya fi bayyana bambancin hanyoyin biyu ya faru ne a 1998, lokacin da kamfanin buga littattafai na Modern Library da ke Amurka ya fitar da jeri biyu na littattafan Turanci na ƙarni na 20. A jerin alƙalai, Ulysses na James Joyce ne a sama. A jerin masu karatu kuwa, cikin goman farko huɗu na Ayn Rand ne, uku na L. Ron Hubbard, marubuta biyu da kowannensu yake da mabiya masu riƙon aƙidarsa da ƙarfi. Ba sai an yi dogon nazari ba kafin a gane cewa ƙungiya ƙarama mai haɗin kai tana iya danne taro mai yawa wanda bai damu ya fito ba, kamar yadda duk wanda ya taɓa ganin zaɓen shugaban ƙungiyar unguwa ya sani. Amma su ma alƙalan an soke su a kan ƙarancin mata a jerinsu, da yadda suka karkata ga Birtaniya da Amurka, saboda haka kada a ɗauka cewa jerin masana ba shi da nasa son rai.

Mu a Ghana muna da alaƙa ta kusa da wani jeri makamancin wannan. Farfesa Ali Mazrui ne ya kawo shawarar a fitar da fitattun littattafan Afirka 100 na ƙarni na 20, baje kolin littattafai na ƙasar Zimbabuwe ya ɗauki nauyin aikin, jama'a suka aiko da sunaye, alƙalai suka tace, aka bayyana sakamakon a Accra a 2002. Cikin sha biyun da aka fifita akwai Things Fall Apart na Chinua Achebe, da Chaka wanda Thomas Mofolo ya rubuta da harshen Sesotho, da littafin yara na Meshack Asare ɗan Ghana mai suna Sosu's Call.

Hausa tana da kalmar da ta dace da abin da ake nema a irin wannan zaɓe, wato bakandamiya, aikin da ya fi kowane fice a cikin ayyukan mai fasaha. Sai dai bakandamiya ba a rana ɗaya ake naɗa ta ba. Ƙagaggun labaranmu na farko a rubutun boko ta hannun alƙalai suka fito, daga gasar da Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Makarantu suka riƙe su, jarrabawa ta ɗora su a kan ɗalibai, suka zama su ne ma'auni. Daga shekarun 1980 kuma sai ga wani adabi ya taso a Kano wanda bai jira izinin kowa ba, wanda aka yi wa laƙabi da adabin kasuwar Kano ko littattafan soyayya, mata irin su Balaraba Ramat Yakubu suna cikin jagororinsa. Masana da dama sun yi masa kallon raini a farko, amma masu karatu suka zaɓe shi da kuɗin aljihunsu, suna saye suna haya suna ba da aro, har ya tilasta wa jami'o'i su waiwaye shi. Wannan ma ƙuri'a ce, ko da yake babu wanda ya ƙirga ta.

A nan ne nake ganin ya kamata mu mutanen zango mu tsaya mu yi tunani. Yaron unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi da Hausa yake tashi a gida da kasuwa, da Turanci yake karatu a makarantar boko, da Larabci a makarantar allo, kuma Hausa ba ta cikin harsunan gida da gwamnatin Ghana ke koyarwa a makarantunta. Saboda haka littafin Hausa ba ya zuwa hannunsa sai ta hanyar ɗan kasuwa ko mai dawowa daga ziyarar dangi a Najeriya. Na ga irin wannan littafi a hannun wata gwaggota: bangon ya tafi, an ɗinke gindinsa da baƙin zare, gefen shafukan ya yi ja saboda yawan hannuwan da suka juya shi. Ita ba ta iya karatun boko ba, jikarta ce ke karanta mata bayan sallar isha'i, idan yarinyar ta yi tuntuɓe a kan wata kalmar Kananci sai tsohuwar ta ce, "A'a, 'yar nan, koma baya, ba haka ake faɗinta ba." Matan gidan guda shida sun san labarin nan daga farko har ƙarshe, suna gardama a kan halin kishiyar da ke ciki kamar maƙwabciyarsu ce. Babu ɗaya daga cikinsu da za ta taɓa bayyana a ƙidayar masu karatu, domin zaɓen yana zuwa ne da Turanci, ta intanet, a kan jerin da ba a sa littafinsu a ciki ba tun farko.

Don haka idan aka ce littafi ya ci ƙuri'ar masu karatu, tambayoyin da suka dace su ne: wa aka tambaya, da wane harshe, wa ya tsara jerin da aka zaɓa daga ciki, kuma sau nawa aka bar mutum ɗaya ya kaɗa. Abin da ƙuri'ar take aunawa da gaske shi ne ƙauna da yaɗuwa a wani wuri a wani lokaci, kuma ni ban raina wannan ba ko kaɗan, domin littafin da dubban mutane suka riƙe a zuciya shekara da shekaru yana da wani abu da ya kamata masana su nemi sani. Abin da ba ta iya aunawa shi ne darajar littafin da bai samu mai fassara ba, ko wanda aka buga kwafi kaɗan ya ƙare a kasuwa.

Da za a shirya irin wannan zaɓe a zangonnin Kumasi da Nima da Sabon Zango na Accra, zan so a karɓi ƙuri'a da baki, ta gidajen rediyon da ke da shirye-shiryen Hausa, a kuma ƙirga wanda aka karanta wa littafi daidai da wanda ya karanta da idonsa, a bar jerin a buɗe kowa ya kawo sunan da yake so. Na tabbata littafin gwaggota mai ɗinkin baƙin zare zai samu ƙuri'a shida daga gida ɗaya.