T. Rex: Tambayoyi da amsoshi ga mai son fara sauraron waƙoƙin Marc Bolan

Duk wanda ya tashi binciken kiɗan da Turawan Ingila suka kira glam rock, ko daga ina ya fara, sai ya ci karo da sunan T. Rex. Ƙungiyar mawaƙa ce ta birnin Landan wadda ta riƙe matasan Birtaniya a hannu daga ƙarshen 1970 zuwa 1973. Ga amsoshin tambayoyin da sabon mai sauraro ya fi yi a kanta.

Su wane ne T. Rex?

A takarda ƙungiya ce, amma a zahiri mutum ɗaya ne da mataimakansa. Mutumin shi ne Marc Bolan, wanda aka haifa a gabashin Landan ranar 30 ga Satumba 1947, sunansa na yanka Mark Feld. Shi ke rubuta waƙoƙin, shi ke rerawa, shi ke kaɗa jita. A 1967 ya haɗa kai da Steve Peregrin Took suka kafa ƙungiya ta mutum biyu mai suna Tyrannosaurus Rex. Bolan yana zaune a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa da jitar da ba ta amfani da lantarki, Took yana buga ƙananan ganguna na hannu. Waƙoƙinsu na lokacin cike suke da tatsuniyoyi, da matsafa, da dawakai masu ƙaho. Mai gabatar da shirye-shirye a rediyon BBC, John Peel, ya ƙaunace su matuƙa, yana yawan sa su.

A 1969 Mickey Finn ya maye gurbin Took. A 1970 aka taƙaita sunan ya koma T. Rex, Bolan ya ɗauki jitar lantarki, daga baya Steve Currie ya shigo da jita mai kaurin sauti, Bill Legend ya zauna kan ganguna. Waɗannan huɗun su ne T. Rex ɗin da duniya ta sani.

Mene ne glam rock ɗin kansa?

Kiɗan rock ne mai sauƙi, gajere, mai sa rawa, wanda masu yinsa ke fitowa da kwalliya irin wadda ba a saba gani a jikin maza ba: riguna masu sheƙi, takalma masu tudu, gashin tsuntsu a wuya, fenti a fuska. Kafin zuwansa, manyan makaɗan Ingila sun koma yin kiɗa mai tsawo da nauyi, su hau dandali da tufafin da suka kwana da su, waƙa ɗaya ta cinye minti goma sha biyar. Yara 'yan shekara 13 da 14 ba su da rabo a ciki. Glam rock ya dawo musu da waƙar minti uku da tauraron da za su liƙa hotonsa a bango.

Masu tarihin kiɗa da yawa suna kafa farkonsa a watan Maris 1971, lokacin da Bolan ya fito a shirin talabijin na BBC mai suna Top of the Pops yana rera "Hot Love" da ƙyalƙyali a ƙarƙashin idanunsa. Waƙar ta yi mako shida tana kan gaba a jadawalin waƙoƙin Birtaniya. Daga nan ƙofa ta buɗe: Slade daga Wolverhampton, da Sweet, da Roxy Music, da David Bowie wanda ya fito da kamannin Ziggy Stardust a 1972.

Da wace waƙa ya kamata in fara?

Ka fara da ƙananan fayafayai, kada ka fara da kundi. Nan ne mutane da yawa suke ɓata wa kansu lokaci. A wancan zamanin iri biyu ake bugawa: ƙaramin faifan garmaho mai faɗin inci 7, wanda yawanci ke ɗauke da waƙa ɗaya a kowace fuska, da babban faifai mai inci 12 wanda ke ɗauke da waƙoƙi goma ko fiye. Kuɗin yaro ɗan makaranta bai wuce na ƙaramin ba, kuma Bolan ya san haka sarai. Saboda haka mafi kyawun aikinsa a ƙananan ya zuba shi, wasu ma bai sa su a cikin wani kundi ba ko kaɗan. Wanda ya sayi manyan kundayen yadda suka fito tun asali ba zai sami "Hot Love" a ciki ba, ba zai sami "Children of the Revolution" ba, ba zai sami "20th Century Boy" ba. Uku ke nan daga cikin waƙoƙin da aka fi saninsa da su.

Ka bi su yadda suka fito. "Ride a White Swan" ta ƙarshen 1970 ita ce mahaɗa tsakanin tsohon salo da sabo: tafi ne, da jitar lantarki, da murya, babu manyan ganguna, amma ta kai mataki na 2. Sai "Hot Love" da "Get It On" a 1971, dukkansu sun kai na 1, sai "Jeepster" da ta tsaya a na 2. A 1972 "Telegram Sam" da "Metal Guru" suka sake hawa na 1. Idan ka jera waɗannan da sauran biyun da na ambata a baya, cikin ƙasa da sa'a ɗaya za ka ji dalilin da ya sa jaridun Ingila suka riƙa kwatanta haukan da 'yan mata ke yi a kansa da wanda aka yi a kan Beatles.

Kada kuma ka raina bayan faifan. "Raw Ramp" a bayan "Get It On" take, kuma a kunnena ta fi wasu waƙoƙin da aka sa a gaba.

To, kundi fa? Wanne ne ya fi?

Electric Warrior, na watan Satumba 1971. Ya kai na 1 a Birtaniya, kuma shi ne kundin da babu waƙar da za ka so tsallakewa a cikinsa. A nan ne za ka gane cewa Bolan ba mai waƙar rawa ba ne kawai: "Cosmic Dancer" da "Life's a Gas" waƙoƙi ne masu sanyi, masu ɗan baƙin ciki a ƙarƙashi. Bayansa sai The Slider na watan Yuli 1972, wanda aka ɗauki mafi yawansa a wani tsohon gidan sarauta da aka mayar ɗakin ɗaukar sauti a Hérouville, kusa da birnin Faris. Sautinsa ya fi kauri da cika. Akwai masu fifita shi a kan na farkon, ni dai ina ganin daga nan ne Bolan ya fara maimaita kansa. Tanx na 1973 yana da daɗi ga wanda ya riga ya kamu. Sauran ka bar su sai daga baya.

Me ya sa sautinsu ya bambanta da na sauran?

Abu huɗu ne suka haɗu. Na farko, tushen kiɗan tsoho ne. Idan ka cire ƙyalƙyalin, abin da ke ƙasa shi ne rock and roll na Amurka na shekarun 1950, irin na Chuck Berry da Eddie Cochran, waɗanda Bolan ya taso yana saurare tun yana yaro. Shi da kansa bai ɓoye cewa "Get It On" ta ɗauko daga wata waƙar Chuck Berry mai suna "Little Queenie" ba. Sai dai ya rage wa kiɗan gudu, ya sa shi yana tafiya da rangaji kamar na mai taƙama.

Na biyu, muryarsa. Siririya ce, tana karkarwa, wani lokaci kamar raɗa yake yi maka a kunne. Wasu ba sa jure ta a sauraron farko.

Na uku, kuma wanda aka fi mantawa da shi, Tony Visconti, Ba'amurke ɗan Brooklyn wanda ya shirya dukkan fayafayan Bolan daga 1968 har zuwa 1974. Shi ne ya riƙa ɗaukar muryar Bolan sau biyu ya ɗora ɗaya kan ɗaya don ta yi kauri, shi ne kuma ya rubuta sassan gogen Turawa da ke shigowa a bayan jita. Ka sa "Cosmic Dancer" da abin saurare a kunne, ka bar muryar, ka bi gogen kawai: za ka ga rabin abin da ke taɓa zuciya a waƙar daga can yake fitowa. Visconti ɗin nan shi ne kuma ya yi aiki da Bowie shekaru masu yawa, shi ya sa kunne ke jin dangantaka tsakanin mutanen biyu.

Na huɗu, 'yan amshi. Howard Kaylan da Mark Volman, tsofaffin mawaƙan ƙungiyar The Turtles ta Amurka, su ne masu siraran muryoyin nan da ke tashi sama a amshin "Hot Love" da "Metal Guru". Mutane da yawa sun ɗauka mata ne.

Turancina ba laifi, amma ban gane abin da yake faɗa ba. Laifina ne?

A'a. Turawan ma ba su gane ba. Bolan yana zaɓen kalma ne don daɗin faɗinta, ba don ma'anarta ba. Motoci, taurari, 'yan mata, sunayen mutanen da ya ƙirƙira, duk ya cakuɗa. Wanda ya saba da waƙar da ke ba da labari daga farko zuwa ƙarshe zai sha wahala idan ya nace sai ya fassara. Ka ɗauki kalmomin a matsayin wani ɓangare na kiɗan.

Me ya sa ba a san su sosai a Amurka ba?

Waƙa ɗaya ce kawai ta yi ƙarfi a can, "Get It On", wadda aka sauya wa suna zuwa "Bang a Gong (Get It On)" saboda wata ƙungiya mai suna Chase tana da waƙa mai irin sunan. Ta kai mataki na 10 a 1972. Wannan bambancin suna yana rikita masu nema a intanet har yau, amma waƙa ɗaya ce.

Akwai hoton bidiyo da zan kalla?

Akwai. A watan Maris 1972 sun yi wasa a babban zauren Wembley, Ringo Starr na Beatles ya ɗauka ya haɗa fim mai suna Born to Boogie. Wasan kwaikwayon da aka cusa a tsakani bai da wani armashi, amma wasan dandalin da ihun 'yan kallo sun isa shaida. Elton John ma ya fito a ciki yana kaɗa fiyano.

Yaya aka ƙare?

Tashen bai daɗe ba. Daga ƙarshen 1973 waƙoƙinsa suka daina kaiwa sama, Legend ya tafi, aka rabu da Visconti a 1974, Finn ma ya bi. Yaran da suka yi masa ihu sun girma sun koma wajen wasu, shi kuma giya da ƙwaya suka taɓa lafiyarsa. A 1977 ya fara farfaɗowa. Ya fitar da Dandy in the Underworld, ya zaga Birtaniya tare da The Damned, matasan sabon salon punk waɗanda suka taso da waƙoƙinsa, ya kuma samu shirin talabijin nasa mai suna Marc a tashar Granada, inda Bowie ya zo baƙo a kashi na ƙarshe.

Da asubahin 16 ga Satumba 1977, motar da abokiyar zamansa, mawaƙiya Gloria Jones, take tuƙawa ta kauce hanya a unguwar Barnes da ke kudu maso yammacin Landan. Bolan ya mutu nan take, saura mako biyu ya cika shekara 30. Shi da ya cika waƙoƙinsa da motoci bai taɓa koyon tuƙi ba.

Wa ya gaje shi?

Kusan duk wanda ya riƙe jita a Ingila bayansa ya ɗebi wani abu. Wanda ya san "Cigarettes & Alcohol" ta ƙungiyar Oasis ta 1994 zai gane inda aka samo kiɗan jitarta da zarar ya ji "Get It On". Fim ɗin Billy Elliot na shekarar 2000 ya buɗe da "Cosmic Dancer", ya sa sabon ƙarni ya koma neman tsofaffin fayafayan. A 2020 aka shigar da T. Rex cikin zauren girmama mawaƙan rock and roll da ke Cleveland a Amurka, Ringo Starr ne ya gabatar da su.